Musayar Baiti

Kwana tara ke nan da fitowar waƙar, kuma a kwana taran nan duk sa'ad da Auta ta ɗauki wayarta sai gabanta ya faɗi.

Tana zaune a bayan kantar shagon tabarau inda take aiki, ta sunkuya tana ɗaure ɗan notin wani tsohon gilashi da mai shi ya ƙi rabuwa da shi. Kiɗan yana shigowa ta bango daga shagon aski na maƙwabta. Ta san abin da zai faru, don kullum haka ake yi. Za a saurari baitin Gatari har ƙarshe, masu jiran aski suna bi da baki, amshi ya wuce, da zarar muryarta ta shigo sai wani ya miƙa hannu ya mayar da waƙar farko.

Yau ma haka aka yi. Ko layi na biyu ba a bari ta kai ba.

A gida Auta ake ce mata, ko da yake shekarunta ashirin da bakwai, ta daɗe da wuce a sayo mata alewa. A wajen masu waƙar gambarar zamani kuwa sunanta Ƙaya. Da guminta ta samo sunan, shekara shida tana tsayawa gaban maza a dandali tana mayar musu da baiti har su rasa ta cewa. Gatari yana cikin waɗanda ta taɓa kayarwa. Daga wannan kayen ne ya biyo ta har bakin titi yana dariya yana neman lambarta. Shekara huɗu ke nan, kuma tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga ido ta kalli wani ɗa namiji ba.

Wannan ce waƙarsu ta farko tare. Sun ɗauka in waƙar ta yi suna, ita za ta buɗe musu ƙofar auren da Yayanta ya rufe.

Akwai wani mai sharhin waƙoƙi a gidan rediyo da matasa suka laƙaba wa Alƙali, don in ya yanke wa waƙa hukunci ba a ɗaukaka ƙara. Mutum ne mai kunne, kuma ba a sayensa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Kwana biyu da fitowar waƙar ya saki sharhinsa a rubuce a intanet, gari ya ɗauka. Ya ce baitin Gatari ya fi duk abin da ya ji bana. Ya ce da yana yi wa mawaƙin kallon mai baki kawai, ashe akwai mutum a ciki. Har ya kawo layi uku daga baitin:

Takalmanki a hannuna, barandar asibiti,
Na ɗora su kan cinya don kar su sha datti,
An fito da ke a lulluɓe, ban ajiye su ba.

Ya ce ya saurari wurin nan sau goma sha ɗaya, kuma a na sha ɗayan ma sai da ya share ido.

Sannan ya juyo kan Ƙaya. Ya ce baitinta cika baki ne zalla, ni ce wuta, ni ce guguwa, ni ce sarauniya, daga farko har ƙarshe babu inda mutum zai kama. Ya ce ko dai ƙayar ta dakushe, ko kuwa soyayya ce ta sa aka ba ta gurbi a waƙar da ta fi ƙarfinta. Ya rufe da shawarar a sake fitar da waƙar da baiti ɗaya, a huta.

Auta ta karanta sharhin a tsaye a wannan kantar, ta sake karantawa, sannan ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa. Zagin ya yi mata ciwo, amma yabon ya fi, domin takalman nan na Mamanta ne, kuma a kan cinyarta suka wuni shekara uku da suka wuce. Mahaifiyar Gatari tana nan da ranta da lafiyarta, kullum tana gaban talabijin tana faɗa da 'yan wasan kwaikwayo.

Ita ta rubuta baitin da ake yabo. Shi ya rubuta wanda ake zagi.

In ana neman mafarin abin, a wajen Yaya za a same shi. Tun da ya gane inda ƙanwarsa ta dosa ya kafa doka, kada ya ƙara jin an gan su tare, ko a situdiyo ko a bakin titi. Kuma Yaya ba ya rasa mai kawo masa rahoto, don shagonsa na kayan wuta majalisa ce guda. To, da za a ɗauki waƙar sai furodusa ya raba musu rana, ita Talata, shi Alhamis, makirufo ɗaya, ba su taɓa haɗuwa ba. Gatari ne ya kawo shawarar a waya. Ya ce tun da an hana su zama ɗaki ɗaya, su yi musaya. Ta rubuta abin da zai faɗa, ya rubuta abin da za ta faɗa, kowa ya ɗauki maganar ɗan'uwansa a bakinsa a gaban duniya, babu wanda ya sani sai su biyu.

Ranar ji ta yi ba a taɓa gaya mata magana mai daɗi irin wannan ba. Sai ta ba shi abin da ta kasa rerawa da kanta, don duk ta gwada muryarta karyewa take yi. Da nasa ya iso ta karanta, ta san ba shi da nauyi, ai ba yau ta fara waƙa ba. Amma ta san haka yake ganinta, wuta, guguwa, sarauniya, kuma da zuciya ɗaya ya rubuta. Ko wasali ba ta canza ba. Mako biyu ta yi tana bita a gaban madubin gwada tabarau in shago ya yi shiru.

Abin da masoyan nan suka manta, ko suka yi kamar sun manta, shi ne dokar sana'arsu. A gambara ana yafe wa mutum mummunar murya, ana yafe masa saɓa wa kiɗa, amma ba a yafe masa a ce wani ke rubuta masa. Wanda aka kama da wannan ya gama yawo, ko sababbin shiga ba za su ƙara tsayawa su kara da shi ba.

Shi ya sa ta yi gum. In duk gaskiya ta fito, ita da sauƙi, don wanda ya rubuta takalman asibiti babu mai cewa bai iya rubutu ba. Shi ne zai mutu sau biyu, abin yabon ba nasa ba, abin zagin nasa. Ba za ta iya yi masa haka da bakinta ba, sai ta zuba ido ta ga ko shi zai yi magana.

Kwana tara yana turo mata hoton zuciya da safe, da yamma kuma ya ce ta yi haƙuri, zai wuce. Ana ta gayyatarsa nan da can. Ita kuwa ƙawayen waƙarta biyu da suka saba leƙowa shago sun ɗauke ƙafa, wai ba sa son su fama mata ciwo. Ta koma cin abincin rana ita kaɗai a bayan kanta, tana kallon ɗaruruwan tabarau a jere suna kallonta.

Ranar Lahadi Yaya ya zo gida da sharhin a wayarsa. Ya zauna kusa da Baba a baranda ya karanta masa tun daga farko, da ƙarfi, yadda za ta ji daga kicin. Layukan waƙar ya tsallake su, ya ce shirme ne, amma inda aka zage ta sai da ya maimaita. Ya ce ga irin abin da yake gudu nan, mutum ya taka 'yar mutane ya hau sama ko waiwaye bai yi ba. Daga nan ya gangaro inda ya saba gangarowa, wato kan abokinsa Mai Kemis, wanda ya shekara biyu yana jiran Auta, mutumin da ko fito ba ya yi balle waƙa.

Kada a ɗauki alhakin Mai Kemis, ba mugu ba ne. Shi ke kawo wa Baba maganin hawan jini duk wata, ya zauna ya auna shi, ya gaida Auta kansa a ƙasa. Matsalarsa ɗaya ce. Ya taɓa ce mata in sun yi aure ba zai hana ta waƙa ba, tana iya yin abinta a kicin. Kuma da gaske yake, a ganinsa alheri ya yi mata.

Shi kuwa Baba tsohon direban motar asibiti ne, shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar marasa lafiya. Ba ya sauraron waƙa. Da kiɗa ya taso a rediyonsa yake rage murya har sai an koma magana. Bai taɓa hana Auta ba, bai kuma taɓa tambayarta me take faɗa a ciki ba. Ma'auninsa na mutum guda ɗaya ne, a garejin asibiti ya samo shi. Akwai direban da in ya goga mota a jikin wani abu ta ƙuje, zai ajiye ta shiru ya bar wa mai karɓar aiki, akwai kuma wanda zai taka har ofis da ƙafarsa ya ce ni ne. Duk mutanen duniya a kashi biyun nan Baba yake zuba su.

Da Yaya ya gaji ya yi shiru, Baba ya kira ta. Ta fito tana goge hannu ta durƙusa daga gefe.

"Auta, ni ban san waƙa ba," in ji shi. "Amma an zage ki a kan aikin da kuka yi tare, kuma ban ji shi Gatarin ya ce uffan ba. An ce ranar Alhamis zai je hira wajen wannan mai sharhin. Zan kunna rediyo in ji da kunnena. In ya tsaya miki, ya zo ya same ni, ko Yayanki ya so ko ya ƙi. In ya bar ki a tsakiyar titi, ba zan ɗaura miki kowa dole ba, amma shi kam ki cire shi a ranki, don ba zan ba shi ke ba."

Ta ce to. Babu wata amsar da ake ba Baba.

Yau ce Alhamis ɗin.

Da safe a tashar bas ta kira Gatari ta gaya masa sharaɗin Baba a karo na uku. Ba ta roƙe shi ya yabe ta ba. Cewa ta yi ya faɗi abin da ya faru kawai, su ɗauki abin da zai biyo baya tare, in dariya ce a yi musu su biyu. Ya ce ta bar masa komai, yau zai wanke ta, har da rantsuwa. Kafin ya ajiye ya faɗa mata wani babban kamfanin waƙa ya neme shi, suna maganar kundin waƙoƙi guda. Sai murna yake yi. Ta taya shi, kuma da gaske ta ji masa daɗi, wannan ne ma ya fi ba ta haushin kanta.

Wajen sha biyu Mai Kemis ya shigo shagon, wai a goge masa tabarau. Tabarau ɗin fes yake, ko ƙura babu. Ta karɓa ta goge. Ya tsaya yana juya makullin mota a hannu, can ya ce ya ga abin da aka rubuta, shi bai fahimci waƙa ba, amma ya ga ta rame. Ya ajiye mata kwalbar maganin ƙarin jini a kan kanta, ya ce ɗaya da safe bayan abinci, ya fita.

Saura kaɗan ta yi kuka. A kwana tara, shi kaɗai ne ya dubi fuskarta, kuma shi ne wanda ba ta so.

Ƙarfe biyu mai shagon ya fita cin abinci. Ta turo ƙofa ta shiga ɗakin gwajin ido, ɗan ƙaramin ɗaki marar taga, babu komai a bango sai allon haruffan nan da suke ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Ta zauna a kujerar da ake zaunar da masu gwaji, ta ɗora wayar a cinya ta kamo tashar.

An sa waƙar tukuna. Ta san a gida Baba ya rage murya. Bayan nan Alƙali ya gabatar da baƙonsa, ya yi ta zuba masa yabo, Gatari yana godiya da wannan muryar tasa mai sanyi da yake ajiyewa don manya. Aka yi maganar yadda ya fara, aka yi ta kiɗa. Sai Alƙali ya ce akwai tambayar da kowa ke son ji, takalman nan na wane ne?

Auta ta riƙe hannun kujera.

"Na kakata ne," in ji Gatari. "Allah ya jiƙanta."

Ta runtse ido. Ta ce a ranta ba komai, ya ruɗe ne, zai gyara in an zo wurin. Ba a daɗe ba aka zo. Alƙali ya ce shi ba ya janye abin da ya rubuta, amma yana son ya ji me baƙonsa zai ce game da baitin Ƙaya.

Gatari ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ya tsaya min a rai kwana tara. Baitin nan da ake zagin Ƙaya a kai, ba ita ta rubuta ba. Ni na rubuta mata, ta karɓa don kada ta ɓata min rai. In akwai wanda ya cancanci zagi, ni ne. Don Allah a ƙyale ta haka."

Auta ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Hawaye suka zubo mata, na daɗi. Tana jiran sauran, har leɓunanta suna motsi da kalmomin da za su biyo baya. Saura ya ce, "Kuma nawa baitin, ita ta rubuta." Kalma shida ce kawai.

Ba su zo ba.

Alƙali ne ya karɓe. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa ganin mawaƙin da ya ɗauki laifi a kansa a bainar jama'a haka ba, ya jinjina masa. Sannan ya sassauta murya ya ce sai dai wannan magana ta bar tambaya mai nauyi a kan Ƙaya. In wannan wani ya rubuta mata, to waƙoƙinta na shekara shida fa, su kuma wa ya rubuta?

Gatari ya ce wannan kam ita ya kamata a tambaya.

Aka sa talla.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a tsaye a ɗakin ba. Wayar ce ta dawo da ita, tana ta zuu a hannunta. Ta yi kuskuren dubawa. Shi ana ce masa namijin duniya, wasu mata har suna addu'ar Allah ya ba su irinsa. Ita kuwa an riga an sake mata suna, wasu na cewa Aku, wasu Ƙayar Roba. Mutum uku daga cikin waɗanda ta kayar a dandali sun fito suna tambaya a gaya musu ainihin wanda ya kayar da su, su je su gaishe shi. Da safe mawaƙiya ce da ta yi baiti ɗaya marar kyau. Yanzu ba mawaƙiya ba ce sam.

Ta kashe wayar, ta wanke fuska, ta koma ta ƙarasa ɗaure tsohon gilashin nan. Da mai shi ya zo ya gwada ya ce ya zauna daidai, ta ce masa Allah ya sa a daɗe ana amfani. Da aka tashi ba ta hau bas ba, a ƙafa ta taka har gida, don ba ta son zama kusa da kowa.

Tun daga bakin ƙofa ta ga gidan ya sauya. Baba ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta fita, an share baranda an fito da kujera ta uku. Rabon da ta ga fuskarsa a sake haka tun Mama tana da rai. Yaya yana gefe ya cika ya batse, amma da ya gan ta sai ya kawar da kai ya ce shi dai ba ya ƙin gaskiya, mutumin nata ya yi abin maza yau.

"Wannan shi ne direban da ke zuwa ofis da ƙafarsa," in ji Baba, yana buga hannun kujera. "Duniya tana ji ya ce ni ne. Na sa Yayanki ya kira shi, yana hanya. Auta, kin iya zaɓe. Da Mamanki tana nan da ta yi murna."

Ta buɗe baki ta ce, "Baba."

Ya dube ta yana murmushi yana jira. Ta ina za ta fara? Sai ta bi ta kan takalman, kuma shekara uku ke nan ita da shi ba su taɓa yin maganar wannan ranar ba. Mutumin da ya kai dubban mutane asibiti a kan lokaci, ranar da ta zo kan matarsa a tasi aka kai ta, a makare. Ta ce masa bari ta ajiye jaka.

Ba ta kai ɗaki ba ta ji tsayuwar babur a waje. Yaya ya ce ta je ta shigo da baƙonta, shi ba ɗan aikenta ba ne.

Gatari yana tsaye jikin ƙofar gida, ya sa riga mai dogon hannu, ya cire sarƙar wuyansa, har ya rage suma. Fuskarsa tana sheƙi. Ta ja ƙofar ta rufe a bayanta.

"Kin ji?" ya ce. "Na cika alkawari."

"Na ji rabi."

Murmushin ya ɗan ja baya. Ya dubi titi, ya dawo da ido kanta, ya rage murya.

"Auta, ki fahimce ni. Na shiga da niyyar in faɗi duka, wallahi. Amma mutanen kamfanin suna zaune a bayan gilashi suna kallona. Baitin takalman nan suka ji suka neme ni. In na faɗi ɗaya rabin, gobe ko wayata ba za su ɗauka ba. Ki duba abin da muka samu. Baba ya yarda, Yaya ya sauko. Shekara huɗu me muke nema in ba wannan ba?"

"Kakarka ta rasu kana shekara biyu."

"Kwatsam ya tambaye ni. Me kike so in ce?"

"Ka ce na Mamata ne." Hawaye suka ɓalle mata, ba ta damu da sharewa ba. "Ni na riƙe su. Ɗaya maɗaurinsa ya tsinke a tasi, na zauna ina ta tunanin in ta fito zan kai a ɗinke mata. Har aka fito da ita ina wannan tunanin. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Baba. Kai na ba, don na ɗauka bakinka da nawa ɗaya ne. Yau ka tsaya ka ba da su ga wata mata da ko fuskarta ba ka sani ba. Sannan aka tambaye ka ko ni nake rubuta waƙoƙina, kai da na kayar a gaban mutum ɗari uku, ka ce ni za a tambaya."

Shi ma idonsa ya cika. Ba na ƙarya ba ne, ta san kukansa na gaske. Ya ce ya san ya cuce ta, ya san bai kai ta ba, tun ranar da ta kayar da shi ya sani, kuma wannan ne ma ya sa yake sonta. Ya ce ta ba shi shekara ɗaya, in ya kafu zai tsaya a gaban kowa ya faɗi komai, ya dawo da ita da hannunsa. Ya ce mutane suna da mantuwa, amma shi ba zai iya rayuwa babu ita ba.

Tana jinsa, kuma abin takaici zuciyarta tana karkata. Shekara huɗu ba wasa ba ce. Ta tuna kujera ta uku a baranda, da askin Baba. Ta tuna ɗakinta da shirunsa, da kwalbar maganin ƙarin jini a jakarta. Ta ce a ranta wata ƙila haka ake aure, kowa da abin da ya haɗiye. Shekara ɗaya ce, za ta iya.

Ya ga ta sassauto. Ya share ido da bayan hannu, ya yi ajiyar zuciya, ya matso kaɗan.

"Akwai abu ɗaya kuma, gara in faɗa miki kafin mu shiga. Suna son baiti uku irin wancan kafin ƙarshen wata. Na zauna jiya na gwada, Auta, wallahi ba ya fitowa. Amma ai yanzu mun zama ɗaya, duk abin da kika rubuta a gidanmu zai tsaya." Ya lalubo kalma mai taushi. "Kina da wasu irinsa, ko? Na kwanakin bayan rasuwar?"

Hawayen suka tsaya mata cak.

Ta dube shi sosai, yadda take duban gilashi a gaban fitila in tana neman tsaga. Babu mugunta a fuskarsa ko kaɗan. Jira kawai yake yi, da fata, da ƙauna, kamar wanda ya roƙi a miƙo masa ruwa.

Daga ciki muryar Baba ta taso, cike da fara'a.

"Auta, baƙon namu ne? Shigo da shi mana, kin tsayar da mutum a waje."

Gatari ya yi wuf ya gyara wuyan riga, ya ɗaga ƙafa zai tako. Ta sa hannu ta dafe ƙofar. Idonta yana cikin nasa ta ɗaga murya yadda za a ji har baranda.

"Ba shi ba ne, Baba. Wani ne ya yi ɓatan gida."

Ta shige, ta tura ƙofar, ta zura sakata. Ta ji ya kira sunanta sau ɗaya a hankali daga waje, ba ta amsa ba. Tsakaninta da baranda taku goma sha biyu ne, kuma Baba ya riga ya miƙe tsaye yana gyara hularsa.